Wanda Aka Bari a Azumbar

Da sunan Wanda ya shimfiɗa rairayi bai gaya wa kowa adadinsa ba, ya ɓoye ruwa a ƙarƙashinsa, ya bar mai ƙishirwa da nema. Ku gyara zama, ya ku masu sauraro, ku tattaro hankalinku wuri guda, in gaya muku yadda na shiga Farar Hamada da ɗan'uwa a gefena, na fito daga cikinta ni kaɗai, alhali ba mutuwa ce ta raba mu ba.

Sunana Korau ɗan Nomau, mutumin Wurjanga, gari na ƙarshe kafin ƙasa ta ƙare rairayi ya fara. A ƙasarmu ba a san damina ba. Idan fatake suka ce akwai inda ruwa ke zubowa daga sama, dariya yara suke yi musu. Abin da ke riƙe da mu wani gero ne da muke kira geron raɓa, gajere, mai ganye kamar ludayi, wanda ke tarar raɓar asuba ya zuba wa saiwarsa. Shi ne tuwonmu, shi ne furarmu.

A shekarar da na isa mutum sai geron ya fara gajiya. Zangarniya ta fito doguwa gwanin sha'awa, a murza ta a tafin hannu sai ƙaiƙayi. Shekarar da ta biyo, mata suka fara sharo ƙasan rumbu. Dattawa suka ce iri ne ya tsufa, sai an je Dausayin Azumbar, can arewa bayan hamada, an karɓo sabo, kamar yadda aka taɓa yi tun ba a haife mu ba.

Ni maraya ne. Kawu Barau, wan mahaifiyata, shi ya riƙe ni, na tashi da ɗansa Jatau a tabarma ɗaya, akushi ɗaya. Da yake taubasai muke, shi ɗan namiji ni ɗan mace, bai taɓa kirana da wani suna ba sai "bawana", ni kuma in rama da abin da ya zo bakina. Jatau dattawa suka zaɓa. Suka riƙa shiga da shi zauren Maigari Dikko suna koya masa harshen mutanen Azumbar, har ya iya. Ranar da aka tara jama'a, Maigari ya tambaye shi wa yake so ya raka shi.

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da wanda ya fi Korau."

Na ji kaina ya yi girma. Kawu ya cire takalminsa na fatar sa, wanda ba ya sawa sai ranar salla, ya ba ni. Aka ba mu taguwa guda, wato raƙuma, aka labta mata salkunan ruwa da garin gero da cuku da kilishi da dabino. Ita ke ɗaukar kaya, mu a ƙasa za mu tafi.

Zaman hamada yana da tsarinsa, kuma ita take koya wa mutum, ba ta lallashi. Mukan tashi da ketowar alfijir. Kafin komai kowa ya kife takalminsa ya kakkaɓe, don kunamun can farare ne kamar rairayin, kuma suna son ɗumin da ƙafa ta bari. Mu yi taimama mu yi salla. Jatau ya kwance wa taguwa dabaibayi, ni in naɗe laima. Kowa ya sha ƙoƙo guda na ruwa, ba a haɗiye shi da gaggawa, sai an juya shi a baki har harshe ya jiƙa. Sai tafiya, muna tsintar busasshen kashin raƙumi a hanya muna jefawa a burgami, don shi ne itacenmu.

Da rana ta fara cizo sai mu tsaya. Mu kafa laima, mu tone rairayin sama mai zafi har mu kai ga mai sanyi, mu kwanta a ramin kamar kifi a taɓo. Ba a hira a wannan lokacin, magana tana busar da baki. Kowa ya sa 'yar tsakuwa a ƙarƙashin harshe ya rufe ido. Sai la'asar ta yi sanyi mu sake ɗaura kaya, mu yi ta tafiya har almuru.

Zangon yamma shi ne daɗin ranar. In hura wuta, in kwaɓa gari da ruwa kaɗan, in ture garwashi gefe, in binne ƙullin a rairayi mai zafi in mai da garwashin a kai. Idan gurasar ta nuna a tono ta, a bubbuge, a karya biyu. Duk yadda aka kakkaɓe sai haƙori ya gamu da yashi.

Jatau yakan ce, "Bawana, gurasar nan taka ta yau ko taguwa aka miƙa wa sai ta kau da kai."

In ce, "Ubangidan da bai iya hura wuta ba, ina ya ga ta zaɓe?"

Mu wanke akushi da yashi. Daga nan ya miƙo ƙafarsa in shafe masa faso da kitse, in miƙa tawa ya shafe mini. Haka kullum, har na daina sanin sunayen ranaku.

Wuri na farko da ya so ya halaka mu shi ne Filin Madubi. Ƙasa ce da ta narke tun zamanin da ba a sani ba ta daskare, sumul, tana mai da wa rana haskenta. Mutum ya duba ƙasa ya ga sama, ya ga kansa a kife yana tafiya. Muka naɗe wa taguwa ƙafafu da fata don santsi, muka rambaɗa kwalli, muka ja rawani har gira. Duk da haka hasken ya same ni. Idanuna suka kumbura suka rufe, zazzaɓi ya bi bayansu. Babu rairayin da za a tona a fake, babu inda turken laima zai shiga. Jatau ya ɗaura gefen rawaninsa a hannuna yana ja na kamar makaho. Da tsakar rana yakan durƙusar da taguwa ya kwantar da ni a inuwarta, shi ya zauna a rana. Na lura ƙoƙon da yake kai mini baki ya fi na kullum zuwa sau da yawa, na gane nasa yake haɗa mini.

Na ce, "Jatau, sha naka."

Ya ce, "Na sha." Muryarsa a bushe kamar kara. Can na ji yana kuka ƙasa-ƙasa, yana cewa, "Kada ka mutu a nan, Korau. Don Allah kada ka mutu a nan."

Ban mutu ba. Idanuna suka buɗe bayan mun fita filin, amma ruwanmu ya kusa ƙarewa, salkuna sun yamushe. A nan wasu tsuntsaye suka cece mu, masu kama da kurciya. Da safe sukan wuce ta kanmu da sauri, da hantsi su dawo a hankali, ƙirjinsu jiƙe sharkaf, suna kai wa 'ya'yansu ruwa a cikin gashi. Muka bar hanyarmu muka bi inda suke dosa da safe, har muka iske wani tsagin dutse da ruwa kwance a cikinsa, baƙi, mai sanyi. Muka sha har cikinmu ya yi ciwo. Jatau ya watsa mini ruwa a fuska, na tura shi ciki da rigarsa.

Daga nan muka shiga Tuddan Ƙaura. Tuddan rairayi ne manya, kowanne ya fi garinmu faɗi, kuma tafiya suke yi. Da zafi su nufi arewa, da sanyi su juyo kudu, suna wani gurnani kamar ganga daga nesa. Dabba ba ta yarda ta hau su, saboda haka muka bi ta tsakaninsu, ido a sama. Wata la'asar muna ratsa wani lungu sai gefen wani tudu ya zubo. Na waiga ban ga Jatau ba sai daga ƙirji zuwa sama, rairayi na ci gaba da sauka a kansa. Na warware rawanina na ƙulla a akalar taguwa, na jefa masa ɗaya bakin, na yi ta dukanta tana ja da baya tana kuka, har ya fito kamar an zare ƙaya. Ya daɗe kwance yana tofar da yashi.

Da ya samu numfashi ya ce, "Da ka bar ni."

Na ce, "In bar ka wa zai riƙa zagin gurasata?" Bai yi dariya ba. Na ɗauka tsoro ne bai sake shi ba.

Bayan tuddan kaɗan muka hango Azumbar a cikin wani kwari mai zurfi: dabino ba iyaka, gidaje na tubalin gishiri suna ƙyalli, da idon ruwa a tsakiya. Mutanenta dogaye ne, masu shafa shuni a goshi, jiminai suke hawa a maimakon dawaki. Shugabarsu wata tsohuwa ce da Jatau ya ce mini ana kiranta Uwar Iri. Suka sauke mu da mutunci, suka ba mu ɗaki. Sai dai kallo. Muna cin abinci suna kallo, muna shafa wa juna kitse a ƙafa suna kallo suna gyaɗa kai. Wata mata ta nuna tabon da rawanina ya bari a hannun Jatau, ya ba ta labarin tudun, ta je ta gaya wa Uwar Iri.

Da muka huta aka kira mu gabanta. Ta yi magana mai tsawo, Jatau ya amsa, ta sake yi, ya sake amsawa. Na taɓa shi na ce, "Me take cewa?"

Ya ce, "Irin yana wani kogo bayan kwarin nan. Baƙo ɗaya ake yarda ya shiga. Zan tafi da taguwa in ɗauko, kai ka jira ni a nan. Kafin magariba na dawo."

Uwar Iri ta juyo gare ni ta yi tambaya, ta tsare ni da ido.

Jatau ya ce, "Tana tambaya ko ka yarda ka zauna. Ka ce *ahal*."

Na ce, "Ahal." Jama'a suka yi wata 'yar guɗa a maƙogwaro. Jatau ya rungume ni, ya daɗe bai sake ni ba, har na ce masa, "Kai, kogo za ka ko lahira?" Ya ja akala ya tafi bai waiga ba.

Da yamma na hura wuta na gasa gurasa. Na karya biyu, na ci rabina, na rufe nasa da ƙyalle. Gari ya waye rabin yana nan. Na hau bakin kwari na zauna ina duban hanya har rana ta kore ni. Washegari wasu maza biyu suka zo, cikin ladabi, suka ɗauki takalmina da salkar da ta rage mini, suka yi mini alama in bi su gona. Na yi ta yi musu bayani da hannu cewa ɗan'uwana ya ɓata, a je a nemo shi.

Sai na ji an ce daga bayana, da harshen Wurjanga tsantsa, "Ɗana, daina wahalar da kanka. Bai ɓata ba."

Wata tsohuwa ce, gajera, ba irin tsayin mutanen wurin ba, da shuni a goshinta. Ta ce sunanta Gwamma. Ta ja ni gindin dabino ta zaunar da ni.

Ta ce, "Babu wani kogo. Irin yana ɗakin Uwar Iri, tun shekaranjiya aka ɗora masa a taguwa. Mutanen nan ba sa barin iri ya fita sai mutum ya shigo a madadinsa, ya zauna har mutuwa. Tambayar da ta yi maka ke nan, ka ce ka yarda."

Na ce, "Inna, ƙarya ne. Tilasta shi aka yi. Bai sani ba sai da muka zo."

Ta ce, "Wa ya koya masa harshen?"

"Dattawa."

"To, da harshen da sharaɗin tare ake koyar da su. Kuma ba sa karɓar bare, ɗana. Da bawa za a iya kawowa, da an huta. Sai wanda rabuwa da shi zai yi maka ciwo, shi ya sa suke sa ido su gani. Ni yayana ne ya kawo ni, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce in zo in ga dabino. Dikko sunansa."

Na ce, "Dikko ne Maigari yanzu."

Ta murza gefen zanenta. Can ta ce, "Har yanzu yana in'ina idan zai yi ƙarya?"

Na tashi na koma ɗaki. Na kwana na wuni ban sa komai a baki ba. Na riƙa ɗauko ranakun tafiyar nan ɗaya bayan ɗaya ina juya su. Takalmin Kawu. Ƙoƙon ruwan da Jatau ya hana kansa ya ba ni. Kada ka mutu a nan. Ashe akwai inda ake so in kai da raina. Na so in gaskata cewa duk kirkin nan na ganin ido ne, da na samu sauƙi, da na tsane shi na huta. Amma a Filin Madubi babu mai kallonmu. Da gaske yake ƙaunata, kuma ƙaunar ce ta sa na cancanta. Wannan ne ya hana ni barci.

Mutanen Azumbar ba su wulaƙanta ni ba. Suka ba ni ɗaki da abinci, har suka nuna mini wata bazawara. Aikina shi ne in shimfiɗa baƙaƙen barguna a gona da yamma, da asuba in matse raɓar da suka tara a kan irin da ake reno. Ba su ɗaure ni ba, ba su sa mini mai gadi ba. Mutumin da ba shi da takalmi ba shi da salka, hamada ta isa ta tsare shi.

Gwamma ce ta hana ni shan ruwan idon nan nasu. Ta ce, "Wanda ya sha shi har shekara ta zagayo, cikinsa ba ya karɓar wani ruwa kuma. Ni ban samu mai gaya mini ba. Ka riƙa shan raɓa daga bargo, ko da ɗaci."

Na ce, "Inna, in na samu hanya, tare za mu tafi."

Ta ce, "In je in mutu da ƙishirwa a bakin rijiyar garinmu? Ina da jikoki a nan. Abu ɗaya nake so. Ka faɗi sunana a gaban Dikko, a inda mutane za su ji."

Muka fara shiri a ɓoye. Ta riƙa kawo mini ƙwan jimina da aka huda aka shanye, ni kuma kullum in rage raɓa kaɗan in ɗura a ciki in toshe da ƙaro. Ta saƙa mini takalman kaba, ƙafa da yawa, don ba sa daɗewa. Na tara dabino a cikin rigata. Muka jira har sanyi ya shigo, gurnanin tuddai ya sauya, suka juya kudu.

Mahayan jiminai gwanayen bin sawu ne, da safe da yamma suke kewaya kwari. Saboda haka da tsakar rana na fita, lokacin da mutum da tsuntsu duk sun fake a inuwa. Gwamma ta koro garken 'ya'yan jiminai a bayana, wai za ta kai su kiwo, suka tattake sawuna. Ban tsaya ba sai a gindin tudu na farko. Na hau shi da hannu da ƙafa, rairayi na zamewa, har na kai gadon bayansa, na tona rami na kwanta na rufa da farin mayafi. Da la'asar na ji mahayan jiminai a ƙasa. Suka kewaya, suka yi ta kira da harshensu. Wani ya so ya hau, jiminarsa ta tirje ta kayar da shi. Kafin su yanke shawara tudun ya yi gaba da ni, kuma tudu ba ya barin sawu.

Zaman bayan tudu wani abu ne da ba na yi wa maƙiyi fatansa. Rairayin yana gangarawa gaba kullum, wanda ya yi barci mai nauyi zai farka a binne. Sai in ɗan runtsa, in tashi in ja jiki baya, in sake runtsawa. Babu wuta, babu gurasa. Da yamma in shimfiɗa bargon da na sato, da asuba in matse shi a baki. Na ci dabino, da ya ƙare na ci fara ɗanya. Ƙafata ta tsage, na miƙa ta gaba don sabo, na tuna ba mai shafawa. Tudun ya kewaye Filin Madubi ta gabas, ya yi ta tafiya har ya ci karo da wasu duwatsu ya watse. Daga nan na ci gaba a ƙasa. Ƙwai ɗaya ya faɗi ya fashe, na durƙusa na tsotsi yashin. Takalman kaba suka ƙare, na yage hannun riga na naɗe ƙafa.

Na iso Wurjanga da la'asar, ana tsakiyar kaka. Tun daga nesa na ga dammunan gero jibge, na ji kiɗa a masussuka. Irin ya yi kyau, ban taɓa ganin zangarniya mai nauyin wannan ba. Na ratsa cikin jama'a, kiɗan ya mutu kaɗan-kaɗan. Mata suka ja da baya suna salati, don an gaya musu na rasu a Filin Madubi, har an yi mini addu'a. Amma dattawan da ke kan buzu ba fuskar masu ganin fatalwa suka yi ba. Sunkuyar da kai suka yi, dukansu, lokaci guda.

Maigari ya ce, "Ko-Korau. A-an ce mana ka-ka…"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Gwamma ƙanwarka tana gaishe ka. Tana nan da ranta a Azumbar, inda ka bar ta."

Wata tsohuwa a cikin mata ta saki taɓarya ta zauna a ƙasa. Maigari ya ja rawani ya rufe bakinsa.

Kawu Barau ya taso ya kama hannuna. "Ɗana, mu shiga gida, a yi maganar nan a ciki."

Na ce, "A nan za a yi ta, Kawu." Na faɗi komai, tun daga zauren Maigari har kalmar da aka sa ni faɗa.

Jatau na tsaye da sabuwar riga. Ya rame fiye da ni. Da na gama ya matso ya ce, "Da kai aka zaɓa aka koya wa harshen, Korau, ka ga yaran garin nan suna cin dusa, me za ka yi?"

Na ce, "Ban sani ba. Wataƙila abin da ka yi. Amma da na gaya maka. Muna da zango nawa a hanya, Jatau? Ko ranar da na zaro ka daga rairayi, da ka buɗe baki. Wataƙila da na ce ahal ina sane."

Ya ce, "Na ji tsoron za ka ce a'a." Ya ƙara da cewa, "Na kuma ji tsoron za ka ce to."

Na ɗauka jama'a za su yi fushi. Na jira. Aka yi ta kallon ƙasa, ana kallon dammunan gero. Can wani magidanci, wanda muka yi wasan ƙasa tare, ya yi gyaran murya ya ce, "To amma yanzu da ka gudo, idan irin ya sake tsufa, za su ba jikokinmu kuwa?" Ba wanda ya tsawata masa. Na dubi fuskokinsu na ga tambayar tana bakin kowa, shi dai ya riga su furtawa.

Matar Kawu ta kawo mini tuwon sabon gero. Na zauna a tsakiyar masussuka na cinye shi tas, suna kallo, don duk garin ba wanda ya fi ni haƙƙi a kansa. Na wanke hannu na tashi. Ban kwana a Wurjanga ba.

Akwai wata rijiya a bakin hamada, wadda duk mai shiga arewa sai ya sha a cikinta. A nan na kafa bukka, na zauna ina ja wa matafiya ruwa. Duk wanda ya sauka sai na ba shi labarin nan, ko ya tambaya ko bai tambaya ba, har ya zama ba yaron da ke tashi a ƙasarmu bai san abin da ake bayarwa a karɓo iri ba. Kawu ya aiko sau da dama, ban je ba. Na je jana'izarsa, na dawo a ranar.

Gemuna ya yi fari kafin geron ya sake gajiya. Wata safiya na ga mutum biyu da taguwa sun nufo rijiya. Ɗaya magidanci ne ƙaƙƙarfa, ɗayan tsoho mai dogara sanda. Sai da tsohon ya yi sallama na gane muryar.

Jatau ya ce, "Wannan Wada ne, babban ɗana. Shi zai dawo da irin. Ya sani. Ni zan zauna."

Na dubi Wada. Idanunsa sun yi ja, ya gyaɗa kai.

Na jefa guga. Na cika musu salkuna ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure bakin kowace da kyau, na taya Wada ɗorawa. Jatau ya ce, "In na iske Gwamma da rai, akwai saƙo?"

Na ce, "Ka ce mata na faɗa, kuma an ji."

Ya tsaya riƙe da sandarsa yana dubana, yana jiran wata kalma. Na neme ta a cikina, da gaske na nema, ban same ta ba.

Na ce, "Rana na yi. Ku kama hanya."

Na tsaya a bakin rijiya har suka zama ɗigo biyu, har suka shige. Da sanyi ya zagayo Wada ya dawo shi kaɗai, taguwa na nishi da kaya. Na shimfiɗa masa buzu, na ba shi ruwa, ya zauna yana duban arewa har yamma. 

Abin da ya same ni ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Wanda ya ji, daga bakin mai shi ya ji.